Bulus Ɗan Ƙasa: Hakkinsa da Abin da Ke Wuyansa

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:35-40, 22:22-29, 25:9-12, Romawa 13:1-7.

'Yan'uwa, a cikin darasin nan mun iske manzo Bulus a hannun sojoji a Urushalima, an miƙe shi, an ɗaure, bulala tana jira. Shugaban sojoji, Kalaudiyus Lisiyas, ya umarta a tuhume shi da bulala domin a gane laifinsa. Sai Bulus ya tambayi jarumin da ke tsaye ko shari'a ta yarda a bulale ɗan ƙasar Roma wanda ba a yanke masa hukunci ba. Nan da nan masu bulala suka janye, shugaban kansa kuma ya ji tsoro.

Me ya tsoratad da shi? Tsofaffin dokokin Roma sun hana a doki ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba, sun kuma ba shi ikon ɗaukaka ƙara. A zamanin nan ba kowa ke da wannan matsayi ba. Lisiyas da kuɗi masu yawa ya saya, Bulus kuwa da shi aka haife shi. Sai a shekara ta 212 Kaisar Karakala ya ba da shi ga dukan 'yantattun mutane na mulkin.

Sau uku Luka ya nuna mana Bulus yana tsayawa a kan hakkinsa. A Filibi, bayan an doke shi da Sila a gaban jama'a, mahukunta suka aiko da safe a sake su. Bulus ya ƙi fita a ɓoye, sai da su kansu suka zo suka ba da haƙuri. Kada mu ɗauka girman kai ne. Da ya fita kamar mai laifi, da ya bar Lidiya da gidan yarin kurkuku a cikin zargi, kowa yana cewa mabiyan 'yan kurkuku ne. A Kaisariya kuma ya yi shekara 2 a tsare, gwamna Filikus yana sa zuciya a ba shi toshi, Bulus kuwa bai bayar ba. Sa'ad da Fastus ya so ya mai da shari'ar Urushalima domin ya faranta wa masu ƙara, Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Ta wannan hanya Allah ya kai shi Roma.

Mu ma muna da hakki a rubuce. Tun kafin mulkin kai, hukumar Willink ta ba da shawara a 1958 a rubuta hakkokin mutane a cikin tsarin mulki saboda tsoron da ƙananan kabilu su ke ji, aka kuwa sa su a cikin na 1960. A Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 suna cikin babi na 4. Sashi na 34 ya hana azabtad da mutum. Sashi na 35 ya ce wanda aka kama, a sanad da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da ya ke ji; in kuwa akwai kotu a cikin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana 1, sai fa in ana zarginsa da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashi na 36 ya ɗauki wanda a ke tuhuma marar laifi har a tabbatad da laifinsa. Sashi na 38 ya ba kowa 'yancin addini. Lura da kalman nan, kowa: da Kirista, da Musulmi, da mai addinin gargajiya. Mai bi wanda ya yi shiru sa'ad da aka zalunci maƙwabcinsa, ya tuna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Bulus ɗin nan da ya nemi hakkinsa, shi ne ya rubuta wa masu bi na Roma su yi biyayya ga masu mulki, su biya haraji, su ba da girma ga wanda ya cancanta, ba domin tsoron horo kaɗai ba, amma saboda lamiri. A lokacin nan Nero ne Kaisar, mutumin da ba ya tsoron Allah. Sashi na 24 na Tsarin Mulkinmu ya ɗora mana irin wannan kaya: mu kiyaye doka, mu girmama mutuncin sauran 'yan ƙasa, mu yi wa garinmu aiki mai amfani, mu taimaki hukuma wajen kiyaye zaman lafiya, mu faɗi gaskiyar abin da mu ke samu, mu biya haraji a kan kari. Wanda ya kai shekara 18 kuma yana da ƙuri'a. In ya sayad da ita saboda gishiri ko turmin atamfa, ya yi cinikin Isuwa, wanda ya ba da gādonsa saboda abinci na yini ɗaya.

Biyayya tana da iyaka. Sa'ad da majalisa ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya sa umarnin Allah a gaba da na mutane. Duk da haka ba su zare takobi ba. Suka faɗi gaskiya, suka ɗauki horon.

Tambayoyi

1. Don me Bulus ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye?
2. Da Bulus ya ba Filikus toshi, me zai samu, me kuma zai rasa?
3. In an kama maƙwabcinka wanda ba addininku ɗaya ba, aka tsare shi ba shari'a, me ya wajaba ka yi?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba shugabanninmu tsoronka, ka ba alƙalanmu gaskiya. Ka ba mu ƙarfin hali mu nemi hakkinmu ba tare da ƙiyayya ba, mu kuma sauke abin da ke wuyanmu ba tare da gunaguni ba. Amin.