Na'ura Ta Gaishe Ka, Wa Ya Gaishe Ka?

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, muke ta sauke mata kayan da a da mu ke ɗauka da kanmu. Ita ke tashin mu da asuba, ita ke riƙe mana lambobin 'yan'uwa. A 2018 kamfanin Apple ya fito da manhajar Shortcuts, wadda za a umarta sau ɗaya ta yi ta maimaita aiki a kan lokaci. A shekarar ne kuma WhatsApp Business ya zo da saƙon maraba mai amsa wa abokin ciniki ko da mai shago yana barci.

Ba mu da ja a kan wannan. Matan Bulkachuwa da suka bar dutsen niƙa suka koma inji ciwon baya suka rabu da shi. Mu manazarta adabi ne ke kukan ɓacewar waƙoƙin niƙa, alhali ba mu ne muka durƙusa a gaban dutsen ba. Gari dai gari ne, ko wa ya niƙa shi.

To, gaisuwa fa? A nan dole mu tona asirin kanmu. Muna da kawu a Bulkachuwa wanda tsufa ya kwantar. Da ayyuka suka yi mana yawa, sai muka umarci waya ta riƙa aika masa da gaisuwa kowace Juma'a da hantsi, ɗansa yana karanta masa. Har yabon mu yake yi a gaban dangi, wai mun riƙe zumunci. Ya rasu ranar Laraba. Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmar makoki, sai wayar ɗan ta yi ƙara: "Kawu, barka da Juma'a, yaya jiki?"

Mai kare mu zai ce ai niyya aka duba, mun kuwa ƙulla ta ranar da muka tsara saƙon, na'ura 'yar aike ce kawai. Hujjar tana da ƙarfi, domin Bahaushe ya daɗe yana aika gaisuwa ta bakin matafiyi. Sai dai ɗan aike yana da ido. In ya tarar da zaman makoki, zai haɗiye saƙon ya yi ta'aziyya, ya kuma komo da labari. "Yaya jiki?" tambaya ce, tana bukatar mai jiran amsa. Abin da kawu ke karɓa kowace Juma'a shi ne shaidar cewa an tuna da shi a wannan safiya, mu kuwa sau ɗaya muka tuna, sauran duk waya ce.

Duk da haka ba mu iya cewa farin cikinsa na jabu ne ba, kuma wannan shi ya fi damun mu. Da muka nemi gafarar ɗan, sai ya ce marigayin kan sa a maimaita masa saƙon sau biyu kafin a kai shi masallaci.