Ko Tambaya Tana Ɓata Bangaskiya?

Sau da yawa iyaye su kan kawo mana kuka a kan 'ya'yansu da suka tafi makarantun gaba. Su ce, yaron nan da ya tashi a gabanmu yana haddace ayoyi a makarantar Lahadi, yanzu ya komo hutu da baki cike da tambayoyi. Ana cikin cin tuwo sai ya ce, in Allah nagari ne, mai iko duka kuma, daga ina mugunta ta fito? Ko kuwa ya ce, me Allah ya ke yi kafin ya halicci duniya? Uban ya tsauta masa, uwar ta shiga ɗaki tana hawaye, dattawa su ce littattafai ne suka lalata shi. Daga nan sai yaron ya yi shiru. Mun kuwa lura, wanda aka rufe wa baki a gida ba ya daɗewa kafin a daina ganinsa a sujada.

Saboda haka muna so mu auna wannan magana tare da ku, 'yan'uwa. Ko tambaya tana ɓata bangaskiya? Ya kamata mai bi ya guji littattafan waɗanda ba masu bi ba ne?

Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa su yi hankali da falsafar da ta ke bin al'adun mutane ta bar Kristi. Falsafa kalma ce da asalinta Helenanci ne, ma'anarta ƙaunar hikima, watau mutum ya zauna ya bi diddigin abu da hankalinsa: mece ce gaskiya, mene ne nagarta, ina mafarin abubuwa. Wajen shekara ta 200 wani malamin ekklesiya a birnin Kartaj, cikin ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu, mai suna Tartuliyan, ya koyar cewa ba ruwan ekklesiya da makarantun masu falsafa, gama a ganinsa daga can ne koyarwar ƙarya ta ke fitowa. Amma bayansa aka haifi wani a wannan yanki na Afirka ta Arewa wanda labarinsa ya nuna mana maganar ta wani gefe. Sunansa Agustin.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Uwarsa Monika mai bi ce ƙwarai, ubansa kuwa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Da suka ga yaron yana da kaifin hankali, suka yi ta fama har suka aike shi Kartaj ya koyi fasahar magana. Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, mutumin Roma wanda ya mutu shekara 43 kafin haihuwar Kristi. Littafin ya ɓace tun da daɗewa, sai guntaye suka rage, amma Agustin ya shaida cewa shi ne ya sāke masa zuciya. Dā ba abin da ya ke so sai suna da dukiya, daga ranan nan ya soma jin ƙishin gaskiya. Ku duba, 'yan'uwa, littafin wanda bai san Kristi ba ne ya tashe shi daga barci.

Da ƙishin nan ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma ya rena shi. Juyin da a ke da shi cikin harshen Latin a lokacin ba shi da daɗin magana irin na Sisero, shi kuwa saurayi ne mai girman kai. Ana nan sai ya gamu da mabiyan wani mutum mai suna Mani, wanda ya yi zamani a ƙasar Farisa cikin ƙarni na 3. Su ne suka yi masa tambayar nan ta mafarin mugunta, suka kuma ba shi amsa. Suka ce tun fil azal akwai iko biyu, haske da duhu, suna yaƙi da juna, kuma sa'ad da mutum ya yi zunubi ba shi ne ya yi ba, duhun da ke cikinsa ne. Amsar ta yi masa daɗi, domin ta ɗauke masa laifi. Ya zauna cikinsu shekara 9.

Monika ta yi baƙin ciki har ta hana shi zama a gidanta na wani lokaci. Ta tafi wurin wani bishof ta roƙe shi ya yi gardama da ɗanta. Bishof ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta bar shi ta dinga yi masa addu'a, gama ta wurin karatunsa da kansa zai gane kuskuren. Shi ma an goye shi cikin mutanen Mani, karatun littattafansu ne ya fisshe shi. Haka kuwa aka yi. Agustin ya karanta lissafin masanan taurari, ya ga suna iya faɗin ranar da za a yi husufin rana ko na wata tun da sauran shekaru, ya gwada da tatsuniyoyin Mani a kan rana da wata, ya ga ba su yi daidai ba. Wani abokinsa mai suna Nebridiyus kuma ya riƙa tambaya, da Allah ya ƙi yin yaƙi da duhu, me duhun zai yi masa? In zai iya cutar da shi, ashe ba Allah ba ne. In ba zai iya ba, to, don me za a yi yaƙin? Aka ce masa ya jira babban malaminsu Faustus. Da Faustus ya zo Kartaj wajen shekara ta 383, sai ya amsa da bakinsa cewa bai san waɗannan abubuwa ba. Agustin ya girmama shi saboda faɗin gaskiya, amma zuciyarsa ta fita daga koyarwar. Tambaya ce ta shigar da shi, tambaya ce kuma ta fitar da shi.

Daga nan ya ƙetare teku zuwa Roma, ya kusa fid da rai cewa mutum zai iya sanin gaskiya ko kaɗan. A shekara ta 384 ya sami aikin koyarwa a birnin Milan, cikin Italiya, ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishof Ambros domin ya ji iya maganarsa kaɗai. Amma ma'anar ta bi daɗin maganar ta shiga. Ambros ya bayyana wuraren Tsohon Alkawari da a ke yi wa ba'a, har Agustin ya ga ashe akwai amsa. Ya kuma lura da wani abu: ba mai rai da ba ya ba da gaskiya ga abin da bai gani ba. Mun yarda da labarin garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba, muna shan maganin likita, har iyayen da suka haife mu ma ta wurin shaidar waɗansu muka san su. Ashe bangaskiya ba gaba ta ke yi da hankali ba.

A Milan ne kuma ya sami littattafan mabiyan Aflatun, mai falsafa na Atina. Daga cikinsu ya gane cewa mugunta ba wata halitta ce mai zaman kanta ba, lalacewar abu mai kyau ce. Tsatsa ba ta zama sai a jikin ƙarfe, ruɓa kuma ba ta samuwa sai inda akwai doya. Duk abin da Allah ya yi mai kyau ne, mugunta kuwa ita ce nufin mutum ya juya wa Mahalicci baya ya manne wa abin da bai kai shi ba. Ba mu ce wannan ya warware kome da kome ba, ba kuwa zai share hawayen uwar da ta binne ɗanta ba. Amma ya kawar da babban dutse daga hanyar Agustin, ya kuma mayar da laifin inda ya ke, watau a kansa.

Duk da haka ya ce akwai abin da bai samu cikin littattafan nan ba. Sun yi zancen Allah madawwami, amma ba su san Allah ya zama mutum ya ƙasƙantar da kansa har mutuwa ba. Sun nuna masa gari daga nesa, ba su nuna masa hanyar shiga ba, sai ma suka ƙara masa fahariya. A nan ne ya ga ainihin ciwonsa. Tambayoyinsa sun sami amsa, amma bai so ya rabu da sha'awar jiki da neman girma ba. Ya furta cewa tun yana saurayi ya kan roƙi Allah ya tsarkake shi, amma a ransa yana so a jinkirta. A shekara ta 386, yana kuka a ƙarƙashin itacen ɓaure cikin wani lambu, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa a kan ƙarshen sura ta 13 ta Romawa, inda a ke kiran mutum ya bar ayyukan duhu ya yafa Kristi. Ya miƙa wuya. Ambros ya yi masa baftisma a Idin Tashin Kristi na shekara ta 387, Monika tana da rai ta gani, ta rasu cikin shekaran nan.

To, me muka koya? Mun ga tambaya iri biyu ce, kuma Agustin ya yi dukansu. Akwai ta mai nema, akwai ta mai ɓuya. Toma ya yi shakka, Ubangiji ya nuna masa hannuwansa. Mutanen Biriya sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko maganar Bulus gaskiya ce, aka yabe su. Amma Bilatus ya yi tambaya a kan gaskiya ya fita bai jira amsa ba. Hirudus ya yi wa Yesu tambayoyi da yawa domin yana so ya ga abin mamaki, bai sami ko kalma ɗaya ba. Ma'aunin shi ne, in an ba ka amsa, za ka bi? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma wannan ga mai niyyar tafiya ne. Wanda ya tambayi hanya ya koma ya kwanta, ba inda za shi.

Mun kuma ga bangaskiya ba ta kashe tambaya ba. Agustin ya zama bishof na Hippo, garin da a ke kira Annaba yanzu, ya yi ta tambaya har tsufansa. Cikin littafinsa na Furci, wanda ya rubuta wajen shekara ta 400, ya ɗauki tambayar nan ta abin da Allah ya ke yi kafin halitta. Ya ce akwai wanda ya amsa da ba'a cewa Allah yana shirya wuta domin masu irin wannan tambaya, amma shi ba zai amsa haka ba, gara ya ce bai sani ba da ya mai da mai tambaya abin dariya. Sa'an nan ya nuna cewa lokaci ma halitta ne, saboda haka babu wani "kafin" sai da Allah ya yi shi. A wani littafi ya gargaɗi masu bi kada su yi maganar jahilci a kan sama da ƙasa da taurari su ce Littafi Mai Tsarki ne ya faɗa, gama wanda ya san abin zai rena Littafin duka. Ya kuma kwatanta gaskiyar da ke cikin littattafan al'ummai da zinariyar da Isra'ilawa suka fita da ita daga Masar: a ɗauki zinariyar, a bar gumakan. Wajen shekara ta 427 ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya yana gyara inda ya yi kuskure. Ya rasu a 430.

Ku iyaye da dattawa, in yaro ya kawo tambaya, ku zaunar da shi ku ji ta har ƙarshe. In kun san amsa, ku ba shi. In ba ku sani ba, ku faɗa masa gaskiya, ku tafi tare wurin fasto ko wani wanda ya yi karatu. Mai koyarwar ƙarya ma ya sami girma a idon Agustin domin ya amsa rashin saninsa, balle mu. Ba mu yi muku alkawari cewa kowane yaro zai komo ba, gama waɗansu su kan tafi ke nan. Monika ta jira wajen shekara 14. Amma gidan da a ke jin tambaya ya fi sauƙin komowa.

Ku samari da 'yan mata kuma, ku yi karatu, kada ku ji tsoron littafi. Musa ya koyi hikimar Masarawa, Bulus ya san mawaƙan Helenawa har ya ambace su a Atina. Amma ku yi wa littafin da ya girgiza ku tambaya kamar yadda kuka yi wa iyayenku, kada ku tsaya a amsa ta fari domin ta yi muku daɗi. Ku karanta Maganar Allah da haƙuri, ba da reni irin na ɗan shekara 19 ba. Sa'an nan kowa ya shiga ɗakinsa ya bincika zuciyarsa a gaban Allah, ko nema ya ke yi, ko kuwa akwai zunubin da ya ke ɓoyewa a bayan tambayar. Ubangiji ya ba mu dattawa masu haƙurin ji, da 'ya'ya masu neman gaskiya domin su bi ta. Amin.