Kwado a Kan Tayin Kwangila: Ina Amana Ta Tsaya?

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, maganar kwangila ta dawo bakin jama'a. Kuɗin kwalbati, bencin makaranta, rijiyar burtsatse, kwashe shara a kasuwa, maganin asibitin unguwa, duk ta hannun ɗan kwangila suke bi. Wa za a ba, kuma ta wace hanya? Jihohi irin su Legas da Kaduna sun riga sun fara karɓar tayin kwangila ta intanet a ma'aikatunsu, masu neman gyara kuma suna kiran a saukar da tsarin har sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu da ke zaune a nan kudu, muna biyan haraji da tikitin kasuwa, abin ya shafe mu, ko da ba mu taɓa neman kwangilar ko sisi ba.

Yadda aka saba, mai neman aiki zai rubuta farashinsa, ya liƙe a ambulan, ya jefa a akwati, ranar da wa'adi ya cika a buɗe a gaban kowa. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 haka ta tsara, jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan layi. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai akwati yana da mabuɗi, mabuɗi kuma a aljihun mutum yake kwana. Ana iya leƙa ambulan da dare a raɗa wa na gida farashin abokan takararsa, ya rage 'yan nairori ya cinye. Ana iya zura takarda bayan an rufe. Ana iya cewa taka ta ɓata.

Tsarin na'ura waɗannan ƙofofi ya zo toshewa. Da ka tura tayinka, kwamfuta za ta juya rubutun ya koma wasu alamomi marasa ma'ana, ba mai iya karantawa, har ma'aikacin da ke zaune a ofis, sai lokacin buɗewa ya yi. Tana rubuta ranar da ya shigo da mintin da ya shigo. Wa'adi na cika ƙofa ta rufe, ba roƙo, ba "don Allah ranka ya daɗe". Duk wanda ya taɓa fayil kuma sawunsa na nan a ajiye. A Yukren, inda aka wajabta tsarin ProZorro a 2016, bayan an gama takara ana baje takardun kowa a fili, ɗan jarida da ɗan kasuwa duk su gani.

To, a nan tambayarmu take. Wasu dattawanmu suna jin abin kamar cin fuska ne: wai an daina yarda da ɗan Adam, an koma yarda da ƙarfe. Kuma suna da hujja mai nauyi. Iyayenmu da suka kafa Sabon Ibadan a 1916, da waɗanda suka zauna a Agege, sun yi cinikin shanu da goro na dukiya mai yawa ba tare da takarda ba. Falke ya kawo garke daga arewa, ya sauka gidan maigidansa, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi, maigida ya tsaya lamuni. Magana ɗaya ta isa. Su kan ce, in wancan ya yiwu, me ya sa yau sai da kwado?

Amma mu duba abin da ya riƙe wancan ciniki. Mai shanu yana nan tsaye a kara, idonsa a kan dukiyarsa. Kowa ya san kowa. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, kafin la'asar labari ya zaga, gobe ba maigidan da zai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Amana ce, ba shakka, amma amana mai shaidu da hukunci a kusa. Kuɗin ƙaramar hukuma ba haka suke ba. Masu su dubban ɗaruruwa ne, kuma ba ko ɗayansu a ɗakin da ake rabo. Dukiyar da mai ita ba ya nan ita ta fi bukatar rubutu. Ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma da muminai take magana, a zamanin da Sahabbai ke raye. In rubutu zargi ne, da su aka fara zarga.

Akwai ma wani rahama a ciki da ba mu cika lura da shi ba. Ku tuna da ƙaramin ma'aikaci mai riƙe da akwatin nan. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga uban gidan siyasa ya bugo waya, ga surukinsa ya aiko. Ba kowa ke da ƙarfin zuciyar cewa a'a ba. In mabuɗi ba ya hannunsa, an sauke masa jarrabawar, yana iya cewa "wallahi ko ina so ba zan iya ba", kuma gaskiya ya faɗa. Wani zai ce ai wannan ba tsoron Allah ba ne, rashin dama ne. Haka ne. Amma ajin da aka gina da simintinsa cikakke ba zai rufta wa yara ba, ko da me ya hana ma'aikacin sata.

Su kuma samarinmu masu waya a hannu, su sassauta murna. Na'ura ambulan kawai take gadi. Ba ta hana a rubuta sharuɗɗan aiki daidai da ƙirar kamfani ɗaya, kamar tela ya auna mutum kafin a sanar da gasar ɗinki. Ba ta hana a farfasa babban aiki ƙanana ƙanana don kada ya kai adadin da doka ta ce sai an yi takara. Ba ta bin ɗan kwangila wurin aiki ta ƙirga buhunan siminti, kuma ba ta hana a riƙe masa kuɗinsa sai ya ba da na goro.

Wata ɓarakar kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, daga ɓangaren 'yan kasuwa take. Mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani uku, ɗaya da sunansa, ɗaya na matarsa, ɗaya na yaronsa, ya tura tayi uku, biyu ya cusa musu tsada da gangan. Ko 'yan kwangila huɗu su zauna su ce wannan naka ne, na gaba nawa, sauran su shiga don cika lissafi. Kwamfuta za ta ga takara, ta buga lokaci, komai tsaf. Malamanmu sun karantar da mu haramcin najash, wato mutum ya ƙara tayi a kan kaya ba don yana son saya ba, sai don a yaudari mai saye na gaskiya. Wannan shi ne najash ɗin, an juya shi ne kawai, mai sayen da ake yaudara kuma jama'ar gari ce. Benci ɗari da aka biya kuɗin ɗari da hamsin, hamsin ɗin nan 'ya'yanmu ne ke zaune a ƙasa a madadinsu, tare da 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo.

Mun daɗe muna kukan cewa baƙo ba ya samun kwangila a nan, sai ɗan ƙasa, ko da an haifi kakanka a unguwar. Tsarin da ke duba farashi da cancanta kawai zai yi mana daɗi, don bai san sunan garinku ba. To, ranar da namu ya zama kansila ko mai ba ciyaman shawara fa? Za mu so kwadon ya zauna a rufe, ko za mu tura dattawa su je su tuna masa zumunci? A ƙananan hukumominmu na gida, inda mu ne 'yan ƙasa, wani kuma shi ne baƙo, me muke cewa idan ɗan'uwa ya samu aiki ta bayan fage? "Allah ya kashe ya ba shi" muke cewa. Zumunci wajibi ne, amma daga aljihunka ake yin sa. Labarin ma'aikacin zakka Ibnul Lutbiyya sananne ne: ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa kujerar ce aka ba, da yana zaune gida da ba wanda zai kawo masa.

Saura waɗanda ƙofar za ta yi wa tsawo. Akwai kafinta da magini da mai sayar da hatsi a cikinmu da suka fi manyan kamfanoni iya aiki da riƙon alkawari, amma ba su da rajistar CAC, ba takardar shaidar biyan haraji, boko kuma kaɗan. Su dole sai sun nemi yaro ya shigar musu da takardu, a shagon kwamfuta ko a wayarsa. Kun ga mabuɗin da aka ƙwace daga aljihun ma'aikaci ya faɗo hannun ɗanmu ke nan. Yaron da ya tura wa Alhaji wane tayi da safe, ya tura wa Malam wane da yamma, ya san farashin su biyun kafin a kulle, kuma ba sawun da kwamfutar gwamnati za ta ajiye na abin da ya faɗa a teburin mai shayi. Duk wanda zai ba yaro wannan aiki ya tambaye shi tun farko ko yana yi wa wani a kan kwangila ɗaya, shi ma yaron in ya karɓi na mutum ɗaya, ya ce wa na biyu ya nemi wani.