Tsakanin Ƙaddara Da Sakaci: Mas'alar Kwance Jak

Akwai wata mas'ala da takan taso tsakanin kanikawa da iyayen gidansu a garejojin Nassarawo da sauran unguwannin Jimeta, wadda in aka dube ta da idon basira za a ga ta fi ƙarfin gareji, domin saiwarta tana cikin ilmin Tauhidi: shin mene ne hukuncin wanda ya tsayar da na'ura tana aikinta lami lafiya, ya kwance ta, ya yi hasarar yini guda da kuɗin giris, alhali kuwa ba ta yi ƙara ba, ba ta yi gardama ba? Maigida yakan ce abin da yake zaune lafiya a bar wa Allah shi, bakanike kuwa, in ya san sana'arsa, yakan ce, "Alhaji, lafiyar da kake gani ta waje ce."

Na'urar da nake nufi ita ce jak mai sukuru, wanda injin lantarki ke juyawa, irin wanda ake ɗaga mota da shi har mutum ya shiga ƙarƙashinta, ko a ɗaga ƙofar ruwa a madatsa. Injin yakan juya giya, giyar ta juya noti na tagulla, notin kuma ya tura doguwar sandar ƙarfe mai zare sama ko ƙasa. Falalarsa, musamman a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ita ce galibinsa ba ya sakin kaya ko injin ya tsaya, saboda gogayyar da ke tsakanin zaren sanda da haƙoran noti. To amma wannan gogayya da ke riƙe kayan, ita ce dai ke cin notin kullum, kuma da gangan maƙera suka yi shi da tagulla, wadda ta fi ƙarfe laushi, don ya ƙare a maimakon sandar, ga shi kuwa a ɓoye cikin akwati inda ido ba ya kaiwa.

Saboda haka babu hanyar yaƙini sai buɗewa. Za a sauke kayan tukuna ko a tokare su da katako, a yanke wuta yadda wani ba zai kunna bisa kuskure ba, sa'an nan a cire injin da murfi da boris, a wanke kome da kananzir. Bakanike mai hankali ba ya zubar da tsohon giris sai ya murza shi a yatsa, domin in ya ga ƙyalli-ƙyalli ruwan ɗorawa, ya san tagullar ce ke cinyewa a ciki. Kuma in wasan da ke tsakanin noti da sanda ya kai kimanin rubu'in tazarar zare ɗaya, lokacin sauya notin ya yi, ko da kuwa jiya ya ɗaga babbar mota.

To, ina tawakkali a nan? Malamanmu na Ash'ariyya, kamar Shehu Sanusi na Tilimsan mai Ummul Barahina, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan Yola tun zamanin kakanni, sun karantar da mu cewa sababi ba ya tasiri da kansa. Allah ne ke halittar abu a yayin da sababinsa ya samu, bisa al'adar da Ya gudanar. Wasu sun ɗauki rabin wannan karatu sun bar rabi. Gaskiya ne giris ba ya tsare rai da ƙarfin kansa, amma al'adar nan da ta sa tagulla ke ƙarewa in ta bushe, Ubangiji ne Ya shimfiɗa ta, kuma wanda ya san ta, ya kau da kai, yana jiran a keta masa ita kamar yadda ake yi wa waliyyai karama, a ganina ba dogara ya yi ba, rashin ladabi ya yi. Imamu Gazali, da ya yi bayanin tawakkali a cikin Ihya'u, ya mai da shi halin zuciya, bai ɗauki barin tabbatattun sabubba a matsayin tawakkali ba.

Misalin da ya fi girgiza ni daga nesa ya zo. Ran 31 ga Janairu 2000, wani jirgin saman kamfanin Alaska Airlines ya faɗa teku daura da Kalifoniya ta Amurka, mutum 88 da ke cikinsa suka rasu duka. Masu bincike suka tarar cewa sukurun da ke sarrafa fiffiken wutsiyar jirgin, ɗan'uwan jak ɗinmu, ya cinye haƙoran notinsa saboda ƙarancin giris, kuma an riga an tsawaita wa'adin shafa man da na auna wasan notin. Ajalinsu ya zo, babu mai musu; amma zuwan ajali bai taɓa ɗauke alhaki daga wuyan mai sakaci ba, in ba haka ba da shari'a ba ta wajabta diyya a kisan kuskure ba. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta shahara da ɗora lamuni a kan masu sana'a game da kayan da aka damƙa musu, don maslahar jama'a. Ina ga in abin da ke ƙarƙashin ƙarfen ba kaya ba ne, yaron gida ne da iyayensa suka kawo koyon aiki amana?

A nan ne nake ganin nauyin ya fi karkata ga maigida, domin shi ke da ikon cewa a tsaya, shi ke kuma riƙe da kuɗin sabon noti, bakanike kuwa iyakarsa nasiha. Yanayin garinmu ma ba ya ba da uzurin jinkiri: ƙurar hunturu takan shiga giris ta mai da shi abin wasa ƙarfe, sa'an nan zafin Maris da Afrilu, wanda a kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, ya tsinka abin da ya rage. Wa'adin da aka rubuta don ƙasashen sanyi ya yi mana tsawo, don haka lokacin da ya fi cancanta a buɗe jak a Jimeta shi ne da zarar hazo ya janye, kafin bazara ta kankama.