Kifin da Ke Jin Hadari Tun Bai Haɗu Ba

A gonakin shinkafa na Japan da Koriya da Sin akwai wani siririn kifi mai santsi da ake kira dojo. Tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, yana da gashin baki guda 10 da yake laluben abinci da su cikin laka. A can cin sa ake yi, har Koriyawa suna da miyarsa da suke ji da ita. Masu kiwon kifin ado kuwa sukan zuba shi cikin tankin gilashi a ɗaki. Mafi yawan yini yana kwance a ƙasa, ko ya nutse cikin yashi sai kai kawai ya bari a waje. Sai wata safiya mai gida ya tarar ya birkice: ya hau sama, ya sauko, ya bi bangon gilashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juyo ya sake bi, ba hutu.

Wanda bai san shi ba zai ce kifin nan ya zautu. Amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin jikinsa akwai 'yar jakar iska da ƙashi ya kewaye, wasu ƙananan ƙasusuwa kuma sun haɗa ta da kunnensa na ciki. Idan nauyin iskar sararin sama ya ragu, kamar yadda yake yi gabanin hadari, yakan ji canjin a jikinsa, sai ya tashi da zirga-zirga. Tun da daɗewa mutane a Turai suke ajiye ɗan'uwansa na can a cikin kwalba don ya riƙa nuna musu sauyin yanayi. Kai kana ganin gari garau, shi kuwa ya riga ya ji abin da ke tafe.

Tsaya a nan, ɗan'uwa, kafin ka fita. Wa ya shirya wa kifin laka wannan kunne? Wa ya koya masa, idan ruwan gona ya ƙafe ya zama caɓi, ya leƙo sama ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse oksijin, sauran ta fita ta baya? A 2021 wasu masu bincike a Japan, da suka ɗauki darasi daga irin wannan kifi, sun nuna cewa ɓeraye da aladu ma suna iya karɓar oksijin ta hanji. Abin da malamai suka kai gare shi da wahalar gwaji, Mahalicci ya daɗe da ajiye shi a cikin halittar da manomi ke takawa bai ma lura ba. Tsarki ya tabbata gare Shi.

Sai dai ba kowace zirga-zirga ce ta hadari ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Kifin yakan yi ta kai da kawo saboda lafiya da jin daɗi, musamman bayan an sauya masa wani ɓangare na ruwan da sabo mai ɗan sanyi. Za ka ga su biyu ko uku suna bin juna, suna zagaye, can kuma su koma su kwanta wani a kan wani, abinci ya zo su ci da marmari. Yakan kuma yi irin wannan motsin saboda azaba. Kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuwa tana ƙona wurin numfashinsa. Ruwa idan ya yi zafi oksijin ɗinsa yakan ragu, dojo kuma kifin ruwa mai sanyi ne. Duk wanda ya ajiye shi a ƙasa mai zafi irin tamu, inda ake ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, ya san wannan fargaba. A irin wannan hali murfin da ke gefen kansa yana buɗewa da rufewa da sauri, yana yawan tasowa sama neman iska, yana goga jiki a dutse, ya ƙi abinci. Daga nesa duk iyo ne. Sai wanda ya ja kujera ya zauna, ya san kifinsa a ranar da yake lafiya, ya auna ruwan, shi ne zai bambance.

Akwai ma akasin haka. Wani danginsa na kogunan Sumatra da Borneo a Indonesiya, mai launin lemo da baƙaƙen zane uku, yakan kwanta a gefe ɗaya shiru har mai shi ya ɗauka ya mutu, alhali hutawa yake yi. Shi kuma idan an raba shi da 'yan'uwansa aka bar shi shi kaɗai, yakan ɓuya ya rame, domin kifin jama'a ne.

Mu ma muna tashi wata safiya zuciya ba ta zauna ba. An yi addu'a, an sha koko, amma abu yana kai da kawo a ƙirji. Da yawa cikinmu nan take muke yanke wa kanmu hukunci: bangaskiyata ce ta yi rauni. Ina ganin gaggawa ce wannan, kuma takan ƙara wa mutum nauyi a kan nauyi. Wani lokaci ƙarfi ne da Allah ya ba ka yake neman aikin yi. Wani lokaci gargaɗi ne, ranka ya ji abin da idonka bai kai gare shi ba tukuna. Wani lokaci kuwa wurin da kake zaune ne ya gurɓata: bashin da ka ƙi duba, gabar da ka bari ta kwana, abokan da hirarsu ke shaƙe ka, ko ciwon da ke bukatar likita. Kowanne da maganinsa, kuma ba za ka san wanne ne ba sai ka zauna a gaban Ubangijinka ka tambayi kanka da gaskiya.

Haka yake da na kusa da kai. Yaron da ya hana gida sakat, matar da ta cika magana kwanan nan, dattijon da ya yi shiru fiye da yadda aka saba. Sauƙi ne a ce fitina, a ce mita, a ce tsufa. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da ikon sauya ruwansa, amana ne a hannun wanda ya ajiye shi, kuma akwai mutanen da zamansu a hannunka yake kamar haka. Ba duka ne za su iya buɗe baki su faɗa ba.

Ya Ubangiji, Kai ne Ka san dalilin kowane motsi a cikin ruwa da cikin ƙirji. Ka nuna mini abin da ke damuna yau da sunansa, Ka ba ni ƙarfin gyara wanda ke hannuna. Ka ba ni haƙurin zama kusa da waɗanda Ka ba ni amanarsu, in tambaye su kafin in yi musu faɗa. Amin.