Koyon Iyo da Tuƙin Jirgi Bai Saɓa wa Tawakkali ba

Duk lokacin da kwalekwale ya kife, maganar da ake fara ji ita ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa, kuma da wannan ake rarrashin wanda aka yi wa rasuwa. Inda nake da ja shi ne yadda aka mayar da kalmar ta'aziyya hujjar ƙin koyo. A ce wa saurayin da zai hau jirgin shaƙatawa a madatsar ruwan Tiga ya fara koyon iyo, ya sa rigar kariya, ya san iyakar mutanen da jirgin ke iya ɗauka, sai ya amsa da cewa rai a hannun Allah yake. Addini bai koyar da haka ba. Annabi Nuhu (AS) an yi masa alkawarin tsira, duk da haka sai da ya sassaƙa jirgi da hannunsa kamar yadda aka umarce shi. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar kuma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba.

Wasu malamai na kallon wasannin ruwa a matsayin shagala, abin masu kuɗi da marasa aikin yi. Sai dai Nasa'i da Ɗabarani sun kawo ruwayar da ta ware koyon iyo daga cikin wasannin banza, ta haɗa shi da horar da doki da atisayen harbi. Hikimar a bayyane take, domin ba wanda ke koyon ninƙaya a ranar da jirgi ya dare. Ana koyonta ne cikin nishaɗi, a ruwa mara zurfi, gaban wanda ya iya. Mutanen Kabi sun daɗe da gane wannan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934, yana da wasannin Kabanci irin su tseren kwalekwale da nutso da kama agwagwar ruwa, kuma a nan ɗan Sarkawa, wato masunta, ke gwada abin da ya koya tun yana yaro. Haka bikin Rigata na tseren kwalekwale yake a Yawuri. Wanda ya ci tsere yau shi ne zai tsamo mutum gobe.

Za a ce ai gwani ma ruwa yana cinsa. Yana ci, kamar yadda mara lafiya kan rasu a hannun likita ba tare da an rufe asibiti ba. Horon ma bai tsaya ga motsa hannu da ƙafa ba. Ya haɗa da sanin lokacin da ba a shiga ruwa, karanta hadari da igiyar ruwa, ƙin tafiyar dare, da ƙin lodin da ya wuce kima. Waɗannan su ne ake yawan ambata bayan hatsari. A ƙarshen Nuwamban 2021 ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Maulidi suka nutse a Bagwai ta jihar Kano, akasarinsu yara. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi na jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Matuƙin da ya ɗauki rayukan mutane amana bai san aikinsa ba, akwai tambaya a kansa, ko da ajalinsu ne ya zo.

Hujjar masu ƙin koyon iyo da ta fi nauyi a wajena ita ce ta tsiraici, musamman ga mata, kuma ban raina ta ba. Amma mata da yara su ne suka cika jiragen kasuwa da na biki, su ne kuma ba a koya wa komai. Maganin abin shi ne mata su koyar da mata, a keɓantaccen wuri, da suturar da ta dace. Idan garin da ke bakin kogi ya rasa masu iya ceto, ina ganin al'ummar gaba ɗaya ta bar farillar kifaya. Ina roƙon limaman garuruwan bakin Neja da Binuwai da Tafkin Chadi su sa wannan a huɗuba kafin damina, su kuma zauna da Sarakunan Ruwa a tsara yadda za a koya wa ɗaliban Islamiyya iyo.