Hadayar Tattabarai Biyu

Ya ɗan'uwana cikin Almasihu, Disamba ya kama, hunturu ya sauko, yara kuma sun fara tambayar kayan Kirsimeti. Wataƙila ka zauna da dare ka yi lissafi, ka tarar abin da ke rumbu da abin da ke aljihu ba za su kai ga ɗinki da shinkafa da nama gaba ɗaya ba. Mu mutanen Kaugama da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja mun san irin wannan lissafi. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki masu yawa a yankinmu, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota da na kayan masarufi. To, ga tambayar da ta cancanci tunani: mai rashi zai iya yin godiya ta gaskiya, ko kuwa tasa ta fatar baki ce, don rufin asiri kawai?

Buɗe Littafin Firistoci, sura 12. Shari'ar Musa ta ce macen da ta haihu, idan kwanakin tsarkakewarta sun cika, ta kawo ɗan rago tare da tsuntsu ɗaya. Amma ta bar wa matalauciya ƙofa: in ba ta da halin rago, ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Sai ka duba Bisharar Luka, sura 2. Da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali a Urushalima, hadayar tsuntsaye ce Luka ya ambata. Ashe gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa bai iya sayen rago ba. Duk da haka firist ya karɓa, hadayar ta cika, ba a rubuta musu bashin rago ba.

Lura da abin da wannan ke koya mana. Allah bai ɓoye talaucin iyalin ba, ya bari aka rubuta shi a fili. Don haka godiya ba ta bukatar ka yi ƙarya game da halinka. Kana iya gaya wa Ubangiji cewa bana da wuya, kana kuma gode masa da baki guda. Abin da ke kashe godiya shi ne leƙen tukunyar maƙwabci. Daga nan kunya ke shigowa, kunya kuma ita ke sa magidanci ya sayar da geron da zai kai iyalinsa damina, ko ya taɓa kuɗin taki da irin noman rani, ko ya ci bashi, duk don shagalin yini ɗaya. Hatsin da ka sayar da araha a kaka, da tsada za ka saye shi a watan Agusta. Wanda ya yi haka ya kawo ragon aro a inda Allah ya yarda da tattabara.

Za ka ce, yara fa? Gaskiya ne, kukan yaro kan sabuwar riga yana taɓa zuciya, kada ka tsawata masa. Zaunar da shi ka gaya masa gaskiya, ka kuma ba shi labarin tattabarai biyun nan. 'Yar'uwata, in ba ki sami zanen anko ba, wanke tsohon ki zo sujada, muryarki ikkilisiya take jira. In tuwon dawa da miyar kuka ne a gidanku ran 25 ga wata, ku ci tare, kowa ya faɗi abu guda da Allah ya yi masa a shekarar. Ku zuba ko kwano ɗaya ku aika wa maƙwabcin da ke tuna ku da abincin Sallah. Kai kuma da Allah ya buɗa wa, nemi gidan da hayaƙi bai tashi ba, ka kai musu a ɓoye.

Ya Ubangiji, kai da ka karɓi hadayar matalauta a Haikali, karɓi ɗan abin da ke hannunmu. Ka tsare mu daga kunyar da ke kai mutum ga bashi, ka ba mu zuciyar godiya, cikin sunan Yesu. Amin.